Makin Ladabi da Ya Raba Mai Nasara da Kofi: Nazarin Wata Gasar Yaƙin Tebur a Nima

A wata ƙaramar gasar wasan yaƙin tebur da aka yi a Nima, cikin birnin Accra, yaron da ya ci wasanninsa huɗu gaba ɗaya shi ya zo na biyu, mutumin da yaron ya kayar a wasan ƙarshe kuma shi ya tafi gida da kofi. Ba a yi maguɗi ba, lissafi ma bai kuskure ba. Tsarin bayar da maki ne ya haifar da haka, kuma kowa ya amince da tsarin kafin a fara. Ni na riƙe teburin lissafi, duk takardun ta hannuna suka bi, shi ya sa nake ganin ya kamata a rubuta lamarin tun daga tushe, don masu shirya gasa irin wannan, ko ta dame, ko ta kowane wasa da mutum biyu ke zama fuska da fuska.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba: ana shimfiɗa fili a kan tebur, a jera kangaye da katangu na roba ko na kwali, kowa ya zo da 'yan sojojinsa na roba waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, da hannu ake haɗa su a yi musu fenti. Tafiyar kowane soja da tef ake auna ta, inci-inci. Harbi da sara kuwa ƙwayar ludo mai fuska shida ce ke yanke ko an samu ko an kuskure. Wanda ya fi shahara a duniya shi ne Warhammer 40,000 na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila, wanda ya fito a 1987. Babban wasan yana cin sojoji da yawa da kuɗi masu yawa, zama ɗaya ya kai sa'a uku. Mutanenmu ƙaramin reshensa suke bugawa, Kill Team, inda kowane ɓangare ke da sojoji kamar goma, a fili mai inci 30 da inci 22, juyi huɗu an tashi. Shi aljihu ke iya ɗauka.

Wani ɗan unguwa da ya yi shekaru yana aiki a Ingila ne ya dawo da akwatunan sojojin, ya riƙa fito da su a bes, wato majalisar da 'yan unguwa ke zama hira, bayan isha'i, ana shan ataya ana kallo. Da farko dariya aka yi masa, babba da kayan wasan yara. Kafin a ankara masu dame sun fara leƙowa, har aka samu mutum 12 da suka iya dokokin sosai. Su ne suka yi gasar, a wani ajin makaranta da aka ara ranar Asabar da Lahadi, wasa biyu kowace rana, da hutun salla da na cin waakye, shinkafa da wake, a tsakani. Ba a karɓi kuɗin shiga ba, domin wasan ƙwaya dama akwai dattawan da ke kallonsa da ido ɗaya, kuma tara kuɗin 'yan wasa a miƙa wa wanda ya ci zai sa a ce caca ce. Mai gasar, wato wanda ya dawo da sojojin daga Ingila, shi ne ya sayi kofi daga aljihunsa.

Me ya sa ake auna hali tun farko

Wannan tambayar ba ta banza ba ce, kuma wanda ya san dame kaɗai ba zai ga dalilin ba. A dame allo yana gaban kowa, gida 100, ƙwaya 20 kowane ɓangare, ba inda za ka ɓoye komai. Shi ya sa ake iya zagi da gori a kan allon dame har makogwaro ya bushe, wasan bai lalace ba. Yaƙin tebur ba haka yake ba. Kai kake auna tafiyar sojanka. Kai kake jefa ƙwayarka ka karanta ta. Kai kake faɗa wa abokin karawarka abin da sojojinka ke iya yi, domin kowace runduna da dokokinta, kuma ba wanda ya haddace duka. Idan ana gardamar ko wannan soja yana hango wancan ta tagar kango, ku biyu za ku sunkuya ku duba ku daidaita. Rabin wasan amana ce.

Asalinsa ma ba a bar wa mutum biyu wannan nauyi ba. Wasan da Reisswitz ya gabatar wa manyan hafsoshin Prussia a 1824 don horar da sojoji yana da alkali a tsakiya, shi ke karɓar umarnin kowane ɓangare ya faɗi abin da ya faru. Da wasan ya zama na nishaɗi aka cire alkalin daga tebur, aikinsa ya koma kan 'yan wasa. A gasa mai tebur da yawa, alkali ɗaya ko biyu ne ke zagayawa, sai an kira su suke zuwa. Don haka tun shekarun 1990 manyan gasannin wannan wasa suka riƙa haɗa makin nasara da makin fenti da makin ladabi kafin a fitar da zakara, kuma abokin karawa ne ke ba da makin ladabin. Wannan tsarin mai gasarmu ya tarar a can, shi ya kawo, da kyakkyawar niyya. Tsoronsa kada gorin dame ya biyo mutane zuwa teburin da ba zai iya ɗaukarsa ba.

Ga yadda ya tsara. Nasara maki 10, kunnen doki 5, faɗuwa sifili. Bayan kowane wasa ana ba kowa 'yar takarda mai tambaya ɗaya: "Yaya ka ji daɗin wasa da abokin karawarka?" Ka rubuta daga 0 zuwa 5, ka ninke, ka kawo mini. Wato nasara za ta iya ba mutum maki 40 a wasa huɗu, ladabi 20. Haɗa 'yan wasa kuma bisa tsarin Swiss da ake yi a gasar ces: wanda ya ci ya gamu da wanda ya ci, ba a fitar da kowa.

Abin da ya faru

Mutum biyu ne suka kai wasan ƙarshe ba a kayar da su ba. Ɗaya tela ne, ya haura arba'in, mai fara'a, shi ya yi wa rabin sojojin bes ɗin fenti kyauta, kuma abokin mahaifin yaron ne tun suna samari. Ɗayan yaro ne da ya gama sakandare yana jiran sakamakon jarrabawa, marar yawan magana, idan ya zauna a tebur kansa a ƙasa yake yana lissafi.

A juyi na uku tela ya fito da babban sojansa daga bayan katanga, ya ɗauke hannu, ya ce ya gama. Yaron ya ce zai harbe shi, ya jefa ƙwaya, ƙwaya ta yi masa kyau. Nan tela ya ga abin da ya yi.

"Ɗana, ai ba nan na so ajiye shi ba. Bari in mai da shi baya."

"Kawu, ka yi haƙuri, na riga na jefa."

Tela ya nanata, yaron ya ɗaga hannu ya kira alkali. Alkali ya ce an ga ƙwaya, ba komawa. Hukuncin daidai ne, kuma haka masu wasan suka saba ko'ina: ana iya yafe wa mutum mantuwa kafin a jefa, amma bayan ya ga sakamako, mayar da soja baya kamar sake jefa ƙwayar ne da sanin abin da za ta bayar. Sojan ya faɗi, wasan ya juya, yaron ya ci.

Da na buɗe takardu, makin ladabin yaron ya zo haka: 4, 3, 0, 2. Jimla 9, da 40 na nasara, 49. Tela ya samu 5 a duk wasanninsa, jimla 20, da 30 na nasara uku, 50. Maki ɗaya tak.

Ajin ya yi tsit da aka karanta, daga baya hayaniya ta tashi. Yaron ya tashi ya gaishe da tela da hannu biyu, ya tattara sojojinsa ya fita.

Abin da takardun suka nuna

Mai gasa ya nemi mu zauna mu duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ba don a fallasa kowa ba. Abu na farko da ya fito fili: kusan duk wanda ya ci wasa 5 ya ba wanda ya kayar. Ƙananan makin daga hannun waɗanda suka faɗi suka fito. Wannan ba abin mamaki ba ne idan aka sake karanta tambayar. An tambayi mutum ko ya ji daɗi, minti biyu bayan an share masa runduna daga tebur. Gaskiya ya faɗa, bai ji daɗi ba. Sai dai amsar ba ta gaya mana komai game da halin wanda ya kayar da shi ba. Kuma tun da tsarin Swiss kullum yana tura mai ci gaba, wanda ya fi iya wasa shi ne kaɗai duk makin ladabinsa ke fitowa daga hannun mutanen da ya ɓata wa rana. Masu wannan wasa a Turai da Amurka sun daɗe suna kuka da wannan, cewa wanda aka kayar yana iya ramawa da biro a ɓoye, ko abokai su haɗa baki su ɗaga juna.

Sifilin wasa na uku daga wani mai gyaran waya a Circle, wata mahadar tituna a Accra, ya fito. An tambaye shi a keɓe ko yaron ya cuce shi a awo ko a ƙwaya ko a doka. Ya ce a'a. Ko ya zage shi? A'a. To me ya yi? Ya ce yaron ya cinye shi tas bai ko ɗaga kai ya yi dariya ba, bai ce sannu ba, kamar da bango yake wasa. "Abin da zuciyata ta ba ni na rubuta." Na yarda da shi. Amma shiru ba laifi ba ne, kuma yaron da aka tarbiyyantar kada ya riƙa kallon manya cikin ido ba za a hukunta shi don ya sunkuyar da kai ba.

Abu na biyu shi ne ya fi ci mini rai, kuma shi ne namu na gida, wanda tsarin da aka ɗauko daga Ingila bai san da shi ba. Babu ƙaramin da ya ba babba ƙasa da 5, ko ya ci ko ya faɗi. Ko ɗaya. Takardar a ninke take, amma mutum 12 ne a ɗaki, kowa ya san wanda ya buga da wa, gobe kuma a masallaci ɗaya za a haɗu. Yaron da ya taso da jin cewa bin na gaba bin Allah ne, ba zai ɗauki biro ya yanke wa abokin ubansa maki ba. Manya kuwa ba abin da ya hana su yanke wa yara. Makin yana gangarowa ne daga sama zuwa ƙasa, ba ya hawa.

Sai da mai gasa ya matsa wa yaron da tambaya, su biyu kawai, sannan ya faɗi abin da ya gani a wasan ƙarshe. Sau biyu tela ya ɗora tef daga gaban gindin sojansa, ya ajiye bayan gindin a kan alamar. Duk mai wasan ya san wannan kuskure: yana ƙara wa soja faɗin gindinsa kyauta, kuma gindi mai milimita 32 ya fi inci ɗaya. A fili mai inci 22, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaron ya gani ya yi shiru. "Yaya, ta yaya zan ce wa Kawu bai iya awo ba, shi da tef ne sana'arsa?" Ya ba shi 5. Da 3 ya rubuta, wanda shi ne abin da aka gani a tebur ya cancanta, da tela ya tashi da 48 kofi ya zama na yaron. Ladabinsa ne ya raba shi da kofin, a gasar da aka ce ladabi ake sakawa.

Ban yarda tela da gangan ya yi awon ba, domin na ga wasu ma suna yi ba su sani ba. Haka kuma ban yarda ya rubuta 2 don ya ƙwace kofi ba. Bai ga takardun sauran ba, bai san da sifilin ba. Ransa ne ya sosu da yaron da ya ɗauka a hannu yana jariri ya kira masa alkali a gaban jama'a. A wurinsa wannan rashin kunya ne, kuma akwai dattawan unguwa da yawa da za su goyi bayansa. A wurin yaron, kiran alkali shi ne hanya mafi ladabi da ta rage masa, domin ko dai ya yi gardama da babba baki da baki, ko ya sarayar da wasan. Kowannensu yana da ma'anar ladabi a kansa, takardar kuma ba ta faɗi wacce take nufi ba.

Zaman sulhu

An zauna a bes bayan kwana kaɗan. Wasu sun ce a karɓe kofin. Mai gasa ya ƙi, kuma ina ganin ya yi daidai: an karanta doka kafin a fara, kowa ya ce ya ji, idan aka sauya ta bayan an ga wanda ta kayar, ba wanda zai sake yarda da dokar da ya kafa. Tela da ya ji lissafin, musamman maganar awo, jikinsa ya yi sanyi. Ya tashi ya ɗauko kofin ya ajiye gaban yaron. Yaron ya ce ba zai karɓa ba, kofin Kawu ne, haka takarda ta ce. Aka yi ta turawa tsakaninsu. A ƙarshe kofin ya zauna a shagon tela, aka rubuta a littafin bes cewa yaron ne ya ci wasa huɗu ba a kayar da shi ba, tela kuma ya ɗauki nauyin yi wa rundunar yaron fenti sabo.

Gardamar da ta fi tsawo ita ce ta gaba. Masu dame suka ce a jefar da maganar ladabi gaba ɗaya, wanda ya ci ya ci. Ban goyi bayansu ba, saboda dalilin da na faɗa a sama: wasan da rabinsa amana ne ba ya rayuwa idan ba abin da ke tsare amanar. Wani ɗan ƙwallo a cikinmu ne ya kawo misalin da ya buɗe hanya. A gasar cin kofin duniya ta 2018, Senegal da Japan sun tashi da maki iri ɗaya, bambancin ƙwallaye iri ɗaya, yawan ƙwallaye iri ɗaya, wasansu ma 2 da 2 aka yi. Aka fitar da Senegal saboda katin gargaɗi shida da ta samu, Japan huɗu. Ya yi mana zafi a lokacin, amma a lura da abu biyu. Alkali ne ya ba da katunan a kan laifin da aka gani a fili, ba 'yan Japan aka miƙa wa takarda su auna 'yan Senegal ba. Kuma ba a duba katin ba sai da komai na wasa ya zo daidai. Manyan gasannin yaƙin tebur da yawa ma can suka koma: ƙa'idar ɗa'a ta ITC, wani tsarin gasannin Warhammer, wadda gasanni da dama ke bi, katin gargaɗi da jan kati take amfani da su a hannun alkali. Wasu tarukan da ake yi a Warhammer World, zauren gasa na Games Workshop a Nottingham, kuma ƙuri'a suke karɓa a ƙarshe, kowa ya zaɓi wasan da ya fi masa daɗi.

Abin da aka tsayar bai da yawa. Kofi na wanda ya ci wasa ne kawai. Takardar bayan wasa ta daina tambayar jin daɗi, tana tambayar abin da ido ke gani, amsa e ko a'a: ya zo kan lokaci, ya bar ƙwaya a fili har ka karanta, ya auna daga gaba zuwa gaba, ya nuna maka dokar rundunarsa da ka nema. Wanda ya ce a'a sai ya yi wa alkali bayani, kuma alkali ne ke yanke ko a ba da kati. Maganar mayar da soja baya an rubuta ta ƙarara a karanta da safe: kafin ƙwaya ana yafewa, bayan ƙwaya babu, kuma kiran alkali ba raini ba ne. A ƙarshe kowa yana da ƙuri'a ɗaya ta abokin wasan da ya fi so, da kyautarta daban. Wannan ƙuri'ar na san masu fara'a da masu jama'a za ta riƙa bi, yaro mai shiru ba zai taɓa cin ta ba, kuma ban damu ba, tun da ba ta taɓa kofi.

Duk wannan bai warware matsalar ƙarami da babba ba. Yaron da ya kasa rubuta 3 ba zai rubuta "a'a" a kan abokin ubansa ba. Maganin da aka samu ba na takarda ba ne. An roƙi wani dattijo, tsohon gwanin dame da ya girmi duk 'yan wasan, ya zama alkali na biyu. Bai san dokokin rundunoni ba, kuma ba a nemi ya sani ba. Aikinsa ya riƙa zagaya tebura yana kallon tef da ƙwaya, ya yi magana da kansa ba tare da an kira shi ba, don kada nauyin faɗa ya sake faɗawa kan yaro.

A gasa ta biyu shi ya tsayar da wasa a wani tebur ya sa aka sake awo, babban da aka gyara wa ya ce "To, Baba," ya mai da sojansa. Kati ɗaya aka bayar, ga wani saurayi da ke kwashe ƙwaya kafin a gani, bayan an ja masa kunne sau biyu. Mai gyaran waya bai zo ba, ya ce an mai da wasa kotu, kuma har yanzu ana lallashinsa. Ba a kuma daidaita ba kan ko kati zai raba mutum biyu da suka tashi da maki iri ɗaya. Mai gasa yana so, tela yana ganin a ƙara musu wasa guda su raba da kansu, an ɗage maganar zuwa bayan babbar salla.